Abubuwan da ya kamata ka sani: yadda sankarar mama ke barin nono ta shiga jiki

A Sabon Birni da Isa ana yawan cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar likita ya yanka sai ya watsu. Abin da ake gani shi ne matar da aka yi wa aiki ta rasu bayan wata shida. Abin da ba a gani shi ne cutar ta riga ta bar nonon tun kafin a kai ta Sakkwato.

Yaya ƙwayar ke ɓallewa?

Galibin sankarar mama daga hanyoyin ruwan nono take farawa. Ƙwayoyin halittar wurin a manne suke da juna da wani furotin, E-cadherin, ƙarƙashinsu kuma akwai siririyar fatar da ta killace su. Muddin ƙarin bai keta fatar ba, cire shi ya wadatar a mafi yawan lokuta.

Sai wasu furotin, Snail da Twist da ZEB1, su kashe samar da E-cadherin. Ƙwayar ta saki 'yan'uwanta, ta sauya siffa, ta fara rarrafe. Tana fitar da sinadaran MMP masu narkar da fatar, tana kuma sakin sinadarin VEGF don sababbin jijiyoyin jini su tsiro zuwa gare ta. Jijiyoyin da suka kawo mata abinci su ne kuma hanyar fita. Kaluluwar hammata mai tauri sau da yawa ita ce shaidar farko cewa an kama hanya.

Me ya sa ƙashi da huhu da hanta?

A 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya bi bayanan mata 735 da cutar ta kashe, ya ga ba ko'ina take sauka ba. Ya ce iri ne da ƙasa, maganar da manomin geron Gobir ba ya buƙatar a fassara masa. Mafi yawan ƙwayoyin da suka shiga jini mutuwa suke yi. A 2001 aka nuna cewa ƙwayoyin sankarar mama na ɗauke da wani furotin, CXCR4, wanda ke bin sinadarin CXCL12 da ya yawaita a ɓargo da huhu da hanta.

 Sankarar na zuga ƙwayoyin da ke cinye ƙashi, ƙashin da ya lalace ya saki sinadarin TGF-beta, shi kuma ya ƙara wa sankarar ƙarfi. Ciwon bayan da ake ta shafa wa man zafi, wani lokacin daga nan yake. Wasu ƙwayoyin kan kwanta shekaru a ɓargo kafin su farka, shi ya sa wasu ke shan maganin tamoxifen shekara 5 zuwa 10.

Duk iri ɗaya ce?

A'a. Wata na rayuwa da sinadarin mata, estrojin. Wata da furotin HER2, wadda ake yaƙa da maganin trastuzumab tun 1998. Akwai wadda ba ta da ko ɗaya, mai saurin yaɗuwa, kuma binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade a Najeriya da Senegal ya nuna ta yawaita a matan Afirka ta Yamma.

Ina matsalar take a Gobir?

Lokaci. Sashen gashin ciwon daji yana Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, sama da kilomita 100 daga Sabon Birni da Isa, a hanyar da 'yan bindiga suka sa ake shakkar bi. Ga kunya, ga jiran izinin maigida, ga sakiyar wanzami da ke mayar da ƙari gyambo. A ganina kunyar ta fi 'yan bindigar cin watanni. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, amma wanda ba ya zafi shi ya fi cancantar a ɗebi tsokarsa a auna, a kuma tambayi likita sakamakon gwajin ER da PR da HER2, mai nuna irin sankarar, kafin a sayi magani.