Kafin Ofa Ta Fito

Da zarar matashi ya karɓi takardar kammala bautar ƙasa, alawus ɗin naira 77,000 da ya saba jin shigarsa a waya ya yanke. Neman aiki kuwa shi kansa kuɗi yake ci: ga data, ga fotokwafi, ga kuɗin motar zuwa intabiyu Abuja ko Kaduna, wani lokacin har da na kwana. Wata uku na farko iyaye da yayye sukan ɗauka. In aka shiga shekara ta biyu, hannun da ake miƙawa yakan fara nauyi, mai bayarwa ma fuskarsa ta fara canzawa.

A nan ne maganar aikin wucin gadi ke tasowa, abin da samari ke kira "maneji". Wani ya shiga koyarwa a makarantar kuɗi ta unguwa, wani ya kafa lema da teburin POS a bakin titi, wani ya zama yaron shago a Kantin Kwari ko ya koyi gyaran waya a Farm Centre. Har yanzu akwai masu ganin wannan zubar da girma ne ga mai digiri. Ni dai ban ga girman da ke cikin kwana a majalisa ana gardamar ƙwallo, a tashi a roƙi ƙane kuɗin kati ba.

Sai dai ba kowane maneji ne daidai da wani ba. Abin dubawa na farko shi ne lokacin da aikin zai bar maka. Ɗauki tuƙin adaidaita sahu. Direban da ba nasa ba ne zai fita tun da sassafe, sai ya haɗa balas ɗin mai babur, ya cire kuɗin mai, sannan abin da ya saura ya zama nasa. Ranar da bai fita ba, bashi ne ya hau kansa. Irin wannan mutum in an kira shi jarrabawar ɗaukar aiki, kwana biyun da zai yi a hanya asara ce biyu. Da daddare kuma jiki ya mutu, ina zancen buɗe littafi? Kuɗin na iya fin albashin malamin makarantar kuɗi, amma malamin yana tashi da azahar ko la'asar, yana da hutun zango, kuma yana tare da alli da takarda, ilminsa bai yi tsatsa ba.

Wannan yana da muhimmanci saboda shekaru ba sa jira. Bankuna da hukumomin tsaro da yawa suna sa iyakar shekaru a tallar ɗaukar sababbin ma'aikata, sau da yawa ƙasa da 30. Wanda yajin aikin malaman jami'a ya riga ya cinye masa lokaci, kamar na wata 8 da aka yi a 2022, ba shi da shekarun da zai yi sakaci da su. Shirin N-Power na sama wa matasa aikin wucin gadi ya nuna haka. An fara shi a 2016 da alawus ɗin naira 30,000 a wata, a kan cewa na shekara biyu ne. Rukunin farko suka zarce har 2020. Waɗanda suka ɗauke shi kamar aikin fansho suka daina nema, da aka sallame su sai suka koma inda suka baro, shekaru kuma sun ƙaru.

Gwamnati ma, a lissafinta, mai maneji ma'aikaci ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Da ta sauya ma'auni a 2023, ta yadda wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ya fita daga sahun marasa aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1. Wato mai lemar POS ba ya cikin waɗanda ake ƙirgawa suna jira, kuma babu mai tuna masa cewa yana nema in bai tuna wa kansa ba.

Kada kuma a ɓoye aikin a takardar neman aiki. Wanda ya riƙe POS shekara biyu ya san rufe lissafi kowane dare, ya san alat na bogi, ya san yadda ake lallashin wanda aka cire wa kuɗi bai samu ba. A gaban masu intabiyu na banki, wannan ya fi a tambaye shi me ya yi tun da ya gama bautar ƙasa ya ce yana gida. In maigidan shago zai iya rubuta masa takardar shaida, ya karɓa tun suna ɗasawa.

Ɗan abin da aka tara kuwa, a kiyaye shi daga dillalan ofa. Sun san mai maneji ya ɗan riƙe kuɗi kuma ya gaji, shi ya sa shi suka fi bi da zancen "akwai gurbi, kawo miliyan ɗaya". Da yawa sun sayar da teburin POS ɗinsu sun biya, aka miƙa musu takardar da sai ranar kama aiki suka gano ta jabu ce.