Wa Ya Duba Kwalbar, Kuma Ina Abin Da Ya Gani?

Wata safiya na tarar da masu ɗigon shan-inna a ƙofar gidan maƙwabcinmu. Mata biyu ne, ɗaya rataye da akwatin sanyi, ɗaya riƙe da allin da za ta yi alama a bango. Maigidan, dattijo ne tela, ya tsaya a bakin zaure, ko murya bai ɗaga ba. Ya ce, "'Yata, ba gardama nake miki ba. Abin da ke cikin kwalbar nan, wa ya duba shi?" Ta ce, "Baba, hukumar NAFDAC ta duba." Ya ce, "To, abin da ta gani da ta duba ɗin, yana ina?" Ta juya kwalbar ta nuna masa ɗan murabba'in da ke jikin takardarta, wanda yake yin duhu idan zafi ya lalata maganin. Bayani ne mai kyau, sai dai ba shi aka tambaye ta ba. Daga ƙarshe ya bari aka ɗiga wa jikokinsa aka shafa musu tawada a ɗan yatsa, amma don ganin idon mai unguwa ya yi, ba don ya gamsu ba.

Wannan tambaya ta tela ita ce aka yi shari'a a kanta a Amurka. A ranar 23 ga Agusta, 2021, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ba allurar korona ta kamfanin Pfizer cikakken lasisi. Bayan 'yan kwanaki, wata ƙungiya ta likitoci da malaman jami'a, wadda a cikinta akwai sanannun masu sukar allurar, ta nemi a ba ta takardun da hukumar ta dogara da su. Ta kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai da Amurka ta yi tun 1966. Da aka je kotu, FDA ba ta ce ba za ta bayar ba. Cewa ta yi takardun sun kai shafi 329,000, kuma abin da za ta iya saki a wata shafi 500 ne. Kowa ya yi lissafi ya san shekara 55 ke nan. Da aka sake ƙirga takardun aka ga sun fi haka, lissafin ya haura zuwa shekara 75. Masu ƙara suka tuna wa kotu cewa kwana 108 kacal hukumar ta ɗauka ta karanta waɗannan takardu ta amince da allurar.

Hukumar tana da uzurinta, kuma ba na banza ba ne. Kafin a saki kowane shafi sai an bi shi layi-layi an goge duk abin da zai fallasa wanda aka yi gwaji a kansa, da abin da doka ta ɗauka sirrin sana'ar kamfani. Sashen da ke wannan aiki ma'aikata 10 gare shi, ga wasu ɗaruruwan buƙatu a kan layi. Amma alƙali Mark Pittman na kotun tarayya a jihar Teksas bai karɓi uzurin ba. A watan Janairun 2022 ya ba da umarnin a riƙa sakin shafi 55,000 kowane wata. Hukumar da ta ce ɗari biyar ne iyakarta sai ga shi ta nemo ma'aikata, aiki ya tafi. Kafin nan dai ɓarnar ta riga ta auku, domin "shekara 75" ta zagaye duniya a wayoyin mutane, kowa na cewa in ba rami, me ya kawo zancen rami?

Mene ne ma a cikin irin wannan fayil? Akwai sakamakon gwajin da aka yi mataki-mataki, daga mutane kaɗan zuwa dubbai: wa aka yi wa allurar gaske, wa aka yi wa ruwan gishiri, mutum nawa suka kamu da cutar a kowane ɓangare, wa ya yi zazzaɓi, wa ya kwanta asibiti, wa ya rasu kuma me ya yi ajalinsa. Akwai bayanin masana'antar, da kayan haɗin, da irin sanyin da allurar ke buƙata. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wasiƙun da ke tsakanin hukuma da kamfani, domin a nan ne ake gane ko jami'in gwamnati ya tsare gida ya yi tambaya mai zafi, ko hatimi kawai ya buga.

Mu a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne a wannan zance, kuma abin da ya same mu ya fi na Teksas ciwo. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 10,000 a Nijeriya. Ana tsakiyar haka ma'aikatan Pfizer suka sauka a Asibitin Zana da ke Kano suka yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi wannan ta'asa, kuma da izinin hukuma ya yi aikinsa. Iyaye da dama suka ce su ba a gaya musu gwaji ake yi ba. A lura, Trovan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba rigakafi ba ne. To amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ku dubi yadda takarda ta yi aiki a lamarin. Wasiƙar da aka nuna a matsayin amincewar kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, daga baya ta tabbata cewa bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya, domin a lokacin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya gama rahotonsa a 2001, inda ya ce gwajin ya saɓa doka. Rahoton nan ba a fito da shi ba. Ya shekara biyar a kulle, sai a 2006 jaridar Washington Post ta same shi ta buga. Wato uban da ya binne ɗansa a Kano sai da ya jira wata jarida a Amurka kafin ya ji abin da gwamnatinsa ta gano. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

A cikin waɗannan shekaru biyar da rahoton ke kwance a durowa ne aka yi ƙauracewa rigakafin shan-inna. A 2003 Kano, a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Zargin ba shi da tushe, kuma yaran da aka ɗiga wa a wancan zamani yau su ne iyaye. Amma wa zai yarda da jami'in da ya ce a kwantar da hankali, alhali an san akwai rahoton da ya ƙi nunawa? Sai a tsakiyar 2004 Kano ta dawo, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Amma ƙwayar cutar ta riga ta fita, daga ƙarshe ta tsallaka ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiyar. Yaran da suka shanye a wannan tsakani suna nan a cikinmu a kan kekunan guragu. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji. Ban ce ɓoye rahoto kaɗai ya jawo wannan ba, siyasa da yaƙin Iraƙi duk sun zuba nasu man, amma shi ne ya bushe itacen.

Kada kuma a ɗauka da an zube takardu a fili shi ke nan. A cikin na Pfizer da aka saki akwai wani rahoto mai ɗauke da ƙorafe-ƙorafe 42,086 da aka aiko wa kamfanin zuwa ƙarshen Fabrairun 2021, 1,223 daga ciki na mutuwa ne. A ƙarshensa akwai shafuka 9 cike da sunayen cututtuka. Nan da nan aka yaɗa cewa ga illolin allurar kamfani ya amsa da bakinsa. Alhali shafukan nan jerin abubuwan da aka ce a sa wa ido ne, kamar yadda mai gadi ke riƙe da sunayen waɗanda ake nema ko da ba ko ɗaya da ya zo wucewa. Su kuma ƙorafe-ƙorafen, duk abin da ya sami mutum bayan allura ana rubuta shi. Idan aka yi wa tsofaffi miliyoyi allura a wata guda, dole wasu su rasu a watan, da allura ko ba allura. Aikin masana shi ne su gwada adadin da abin da aka saba gani. Ta wannan hanyar ce aka gano illa ta gaske, wato kumburin tsokar zuciya da kan sami wasu samari jefi-jefi, aka kuma rubuta gargaɗinta a takardar allurar. Saboda haka fayil yana buƙatar mai fassara, likita ko ɗan jarida da zai zauna a rediyo ya warware shi da Hausa. Amma don wani zai karanta a karkace, wannan bai zama hujjar kullewa ba. Ba a wanka ana ɓoye cibi.

Wasu hukumomin sun daina jiran a kai su kotu. Ta Tarayyar Turai tana wallafa rahoton nazarinta a kan kowane maganin da ta amince da shi, kuma tun 2016 ta fara sakin rahotannin gwajin kansu. Kanada ta bi sahu a 2019. Ita NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a mataki na uku na ƙwarewa, abin da hukumomi ƙalilan suka samu a Afirka. Nauyin da ke kanta kuwa ƙaruwa yake yi. A Afrilun 2023 ta amince da allurar zazzaɓin cizon sauro R21, wadda aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024. A Oktoban 2023 aka fara allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma tsohon zancen hana haihuwa ya sake tasowa. A 2024 Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau ta Men5CV. A ganina kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta cancanci 'yan shafuka da Hausa, a manne a asibitin unguwa: a ina aka gwada ta, a kan yara nawa, me aka gani, me hukuma ta tambaya. Sanarwar manema labarai da Turanci a Abuja ba ta isa zauren tela.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne muna da doka. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai a watan Mayun 2011. Ta ba kowa damar neman takardar da ke hannun ma'aikatar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Ma'aikata tana da kwana 7 ta amsa. Idan za ta hana, sai ta rubuta sashen dokar da ta dogara da shi, kuma mai nema yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba tararta naira 500,000 ce. Kuɗin da za a karɓa a hannunka bai wuce na kwafe takardun ba. Bayanan lafiyar wani mutum da sirrin sana'a suna cikin abin da za a iya riƙewa, amma sai a cire wannan ɓangaren a ba ka sauran. Dokar ba ta manta da wanda bai yi boko ba. Yana iya sa wani ya nema a madadinsa, ko ya je da ƙafarsa ya faɗa da baki, jami'in da ke wurin ya rubuta buƙatar ya miƙa masa kwafi.