Na'urar Taimaka wa Ji: Abubuwan da ke Lalata ta da Hanyoyin Tsare ta

Hausawa kan ce kunne ya girmi kaka, domin ta hanyarsa ne mutum ke sanin abin da ya faru tun kafin a haifi kakanninsa. Ta kunne yaro ke koyon magana, ta nan yake ɗaukar karatu a makarantar allo da ta boko. Saboda haka idan jin yaro ya raunana, har iyayensa suka yi fafutikar samo masa na'urar taimaka wa ji, to sun damƙa masa wani abu da bai fi ɗan yatsa girma ba, amma karatunsa da mu'amalarsa da jama'a sun rataya a kai. Abin takaici shi ne, na'urar ba ta cika daɗewa ba idan ba a san sirrinta ba. Ko dai ta ɓata, ko ta yi shiru bayan 'yan watanni, a jefa ta cikin kwalla a manta. Wannan maƙala za ta duba dalilan da ke jawo haka, tare da ɗaukar misali daga irin zaman da ake yi a Dagumawa, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano.

Yadda kunne ke aiki

Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Idan ta shiga ramin kunne sai ta bugi tantanin da ake kira dodon kunne, shi kuma ya motsa wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku da aka raɗa wa suna saboda siffarsu: guduma da maƙera da likkafa. Likkafar nan ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonta kimanin milimita 3 ne kacal. Daga nan girgizar kan shiga wani murɗaɗɗen bututu mai kama da katantanwa, wanda ke cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mayar da girgizar saƙon lantarki, jijiyar ji ta kai shi ga ƙwaƙwalwa.

Waɗannan ƙwayoyi su ne ginshiƙin ji, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa a jikin mutum, ko da yake tsuntsaye da kifaye suna iya sabunta nasu. Abubuwan da ke kashe su a ƙasar Hausa sanannu ne: sanƙarau da ƙyanda da hangum, da wasu magunguna irin su jentamaisin da kwinin idan an yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba, da ƙarar injin niƙa ko janareta ta shekara da shekaru, sai kuma tsufa. A annobar sanƙarau ta shekarar 1996, fiye da mutum 100,000 ne suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma Jihar Kano na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Da yawa daga cikin waɗanda suka tashi daga wannan ciwo sun tashi ne da raunin ji ko kurumta.

Abin da ke cikin na'urar

Na'urar taimaka wa ji ba ta gyara ƙwayoyin da suka mutu. Abin da take yi shi ne ƙara wa sauti ƙarfi domin ragowar ƙwayoyin su kama shi. Sassanta huɗu ne: makirufo mai ɗaukar sauti, da amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, da 'yar lasifika mai fitar da shi, da batir. A irin wadda ake rataya wa a bayan kunne, sautin kan bi ta wani siririn bututun roba zuwa matoshin da aka ƙera daidai da ramin kunnen mai ita.

Wani Ba'amurke mai suna Miller Reese Hutchison ne ya ƙera na'urar ji mai aiki da lantarki a shekarar 1898. Shigowar tiransista a 1952 ya rage mata girma ƙwarai, sannan daga baya aka fara sayar da irin ta kwamfuta wadda ake saita ta daidai da raunin jin kowane mutum. Sai dai ƙanƙantar nan tana da nata sharri, domin ƙofar da sauti ke shiga da wadda yake fita ba su fi bakin allura da yawa ba, ɗan abu kaɗan ya isa ya toshe su. Bugu da ƙari, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna mutum miliyan 430 ne ke da raunin jin da ke bukatar kulawa, amma kashi 17 cikin ɗari ne kawai na waɗanda na'urar za ta amfana suke amfani da ita. Wanda ya samu ɗaya ya samu abin da mutane da yawa suke nema ba su samu ba.

Dauɗar kunne

Babbar abokiyar gabar na'urar tana fitowa ne daga kunnen kansa. Dauɗar kunne ba ƙazanta ba ce kamar yadda ake zato. Wasu ƙananan maɓuɓɓuga da ke fatar bakin ramin kunne ne ke fitar da ita, domin ta kama ƙura ta kuma hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Fatar ramin tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje, tana ɗauke da dauɗar, motsin muƙamuƙi wajen tauna yana taimaka mata. A shekarar 2006 masana suka gano cewa ƙwayar gado guda ɗaya ce ke rarrabe mutane gida biyu a kan wannan: yawancin mutanen gabashin Asiya dauɗarsu busasshiya ce, ta mutanen Afirka da Turai kuwa mai danƙo ce, kuma ita ce ta fi manne wa kaya.

Idan aka sa matoshi a kunne, an tare hanyar da dauɗar ke fita, sai ta cusa kanta cikin ramin da sauti ke bi. Na'ura ta yi shiru, a ɗauka ta mutu, alhali tana da ranta. Maganin wannan shi ne a goge matoshin da busasshen ƙyalle kowane dare, a share bakin ramin da ɗan burushin da ake bayarwa tare da na'urar. Kada a zura allura ko tsinke, domin idan suka kai ga lasifikar sun gama da ita. Haka kuma sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza ba ya fitar da dauɗa, ƙara tura ta ciki yake yi.

Damshi da ƙura da zafi

Kowane lokaci na shekara a ƙasar Wudil yana da irin tasa ɓarnar. Da bazara, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, gumi ya riƙa gangarowa ta bayan kunne, daidai inda na'urar take zaune. Gumi ruwa ne mai gishiri, gishiri kuwa yana hanzarta tsatsa a ƙarafan da ke taɓa batir. Da damina, ɗalibin da ke taya iyayensa noma ko yake tafiya makaranta a ƙasa yana iya haɗuwa da ruwan sama a hanya. Ko bai jiƙa ba, damshin iska kan taru cikin bututun roba kamar raɓa, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya tare sauti gaba ɗaya. Yaran da ke kusa da Kogin Wudil kuwa sai an yi ta tuna musu su cire na'urar kafin su faɗa ruwa.

Da hunturu sai ƙura ta karɓi aiki. Wani babban kaso na hazon da ke lulluɓe ƙasar Kano yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Irin wannan ƙura tana ratsa ƙofar makirufo, idan kuma ta haɗu da basilin ko man kitso sai ta zama taɓo mai toshe komai. Saboda haka a fara shafa mai, a goge hannu, sannan a ɗauki na'urar.

Idan ta jiƙa, a cire batir nan take, a bar ƙofar batirin a buɗe, a ajiye ta a inuwa. Shanya ta a rana ko kusa da murhu yana lanƙwasa roba ya kashe kayan cikinta. Hanya mafi sauƙi ta busar da ita ita ce a sa ta kowane dare cikin kwalba mai murfi tare da 'yan ƙullin silika, irin waɗanda ake samu cikin kwalin sabon takalmi, amma ban da batirin.

Batir mai numfashi

Yawancin batiran na'urar ji suna aiki ne da ƙarfen zinki da kuma iskar oksijin da suke zuƙa ta wasu ƙananan ƙofofi. Shi ya sa ake liƙe su da 'yar takarda. Launin takardar yana nuna girman batirin: ruwan ɗorawa lamba 10, ruwan ƙasa lamba 312, ruwan lemo lamba 13, shuɗi lamba 675. Da zarar an ɓare takardar, batir ya fara ƙarewa ke nan ko ba a sa shi a na'ura ba, kuma mayar da takardar ba ya dawo da shi sabo. Bushewar hunturu tana ƙafar da ruwan da ke cikinsa, damshi mai yawa yana cika shi da ruwa, duka biyun suna rage masa kwana. Ajiye shi a aljihu tare da mabuɗi ko wani ƙarfe ma yana zuƙe shi. Akwai na'urori masu batirin caji, har da waɗanda ake cajawa da hasken rana, kuma sun dace da wuraren da wutar lantarki ba ta tsayawa.

Wajibi ne a nisantar da waɗannan batira daga ƙananan yara. Idan yaro ya haɗiye batir ya maƙale a maƙoshi, ko ya cusa shi a hanci ko kunne, lantarkinsa yana haifar da sinadari mai ƙuna irin na soda, wanda ke iya cin nama cikin 'yan sa'o'i. Asibiti za a nufa nan take, ba tare da jiran a ga alama ba.

Yadda take ɓata

Na'urar ta fi ɓata a lokacin da aka cire ta. Mai alwala yana wanke fuska ya shafi kai da kunnuwa, saboda haka dole ya cire ta, wani lokaci sau biyar a yini. Nan ne ake ɗora ta a kan katanga ko dutse, a ji an tayar da iƙama, a tafi a bar ta. Da dare kuma akan ajiye ta a gefen tabarma, da safe a kaɗe shimfiɗa, tsintsiya ta kwashe ta, ko ɓera ya gaigaye matoshin. Cire hijabi ko hula da gaggawa yana fizgo ta, haka nan iska a kan babur, ko cunkoson kasuwar Wudil ranar Juma'a, inda abin da ya faɗi ƙasa tsakanin jama'a da shanu ba a cika sake ganinsa ba.

Dabarun tsare ta ba su da tsada. A samu 'yar batta mai murfi wadda ke zama a aljihu ko jaka kullum, ya zamana na'urar ba ta da wurin zama sai biyu: kunne ko batta. Ga yara, a ɗaura mata zare mai ƙarfi a maƙala shi a wuyan riga da fil. Sannan a lura cewa kunnen yaro yana girma, matoshi kuwa yana nan yadda yake. Idan ya yi sako-sako, sauti kan zurare ya koma cikin makirufo, na'urar ta riƙa fito, kamar yadda lasifika ke ƙara a wurin wa'azi idan an matso da makirufo kusa da ita. Wannan alama ce ta cewa lokacin sake matoshi ya yi, kafin ya fara faɗuwa.

Abin da ɗalibi ke rasawa

Daga Wudil zuwa birnin Kano kilomita 40 ne da 'yan kai, kuma can ne ake samun sashen kunne da hanci da maƙogwaro kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, tana Kaduna. Na'urorin daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin manoma. Idan ta lalace a tsakiyar damina, yaro na iya yin zangon karatu guda ba tare da ita ba.

Mai raunin ji ya fi rasa siraran sautuka irin su s da sh da ts da f. Yana iya jin muryar malam da hawa da saukar karin magana, amma "sara" da "shara" da "tsara" da "fara" su zame masa abu ɗaya. Har ila yau, a sarari, duk lokacin da nisa tsakanin mai magana da mai sauraro ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da kimanin desibel 6. Yaron da ke zaune a bayan aji da matacciyar na'ura sai a ɗauke shi daƙiƙi ko mai taurin kai, alhali bai ji abin da aka ce ba ne. Wasu kuma da gangan suke ɓoye ta saboda tsokanar 'yan'uwansu ɗalibai, su ce ta ɓata.

Rawar da malamai za su taka

Akwai gwaji mai sauƙi da masani Daniel Ling ya tsara, wanda ba ya ɗaukar minti guda. Malam ya tsaya a bayan ɗalibi, ko ya kare bakinsa da takarda, ya furta sautuka shida ɗaya bayan ɗaya: m, u, a, i, sh, s, ɗalibin yana maimaitawa. Duka shidan akwai su a Hausa, kuma sun ratsa daga kakkauran sauti zuwa siriri. Idan yaron da ya saba kama su ya kasa a yau, sai a duba batir, a duba dauɗa a matoshi, a duba ɗigon ruwa ko tsaga a bututu. Sau da yawa matsalar ba ta wuce waɗannan ba. Idan ta wuce, a kai wa ƙwararru, kada a miƙa ta ga mai gyaran rediyo.

Ya kamata a zaunar da irin wannan ɗalibi a sahun gaba, malam ya riƙa fuskantar aji idan yana bayani, ya rubuta muhimman kalmomi a allo. Koyon maganar hannu, wadda kuramen ƙasar Hausa suka daɗe suna amfani da ita, yana da amfani ga yaron da abokansa, domin ranar da na'ura ta yi shiru ba za a bar shi a gefe ba. Wanda rauninsa ya yi tsanani kuwa akwai makarantar masu bukata ta musamman da ke Tudun Maliki a Kano. Na'urar da aka kula da ita tana iya yin shekara biyar ko fiye tana aiki, wato kusan tsawon zaman ɗalibi a makarantar sakandare, kuma abin da ake bukata don cim ma haka bai wuce busasshen ƙyalle da kwalba mai murfi da 'yar batta da zare ba, sai kuma sa idon iyaye da malamai.