Gyaran Burtali da Mashekari a Gefen Dajin W

Duk wanda ya taɓa sayen shanu a karar Gene ko ta Karimama, ya ba yara su kora masa zuwa Madekali don ya shiga da su Lolo, ya san riba da faɗuwa a hanya ake samunsu. Sa mai tozo da ka saya yana ƙyalli, in ya yi kwana uku babu wurin kwanciya, babu mashaya ta kirki, sai ya iso kasuwa kwiɓi a lotse, mai saye ya zagaya shi sau ɗaya ya zabge maka kuɗi. Saboda haka maganar burtali da mashekari tamu ce kamar yadda take ta Fulani masu kiwo, ko da yake mun daɗe muna bar masu ita su kaɗai.

Bari mu fara da yadda ƙasar take, saboda 'yan'uwanmu na nesa. In ka baro Kandi ka nufi Malanbil, tafiyar kilomita 100 ce ko kusa da haka. Wajen Alfakwara, hannunka na hagu yankin farauta ne na Jona, bayansa kuma babban Gandun Dajin W. In ka ƙara gaba, hannunka na dama gandun dajin Gungun ne, har zuwa gulbin Sota wanda ke zuba a Kwara daf da Malanbil. Abin da ya rage tsakani kuwa gonaki ne: auduga da masara ta kudu, shinkafa da albasa a fadamar Kwara. To, ta ina saniya za ta bi? Ta wannan ɗan siririn fili da gandu da gona suka rage mata.

Shi wannan daji an sa masa suna W ne saboda yadda Kwara ta karkace a wajen kamar wannan harafi na boko. Tun 1954, zamanin Faransa, aka mai da shi gandun namun daji, kuma ƙasa uku ke da rabo a cikinsa: Nijar, Benin da Burkina Faso. Rabon Benin kaɗai ya kai murabba'in kilomita 5,000. Hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, aka haɗa da na Benin da Burkina a 2017. A 2020 gwamnatin Benin ta damƙa tafiyar da nata ɓangaren ga ƙungiyar African Parks, wadda ta riga ta karɓi dajin Penjari tun 2017. Sun kafa sansani a Alfakwara, sun gyara hanyoyin cikin daji, sun ɗauki masu gadi sun horar da su. Mu ba mu da ja a kan wannan. Giwa da ɓauna da zaki halittun Allah ne, su ma suna da hakkin wurin zama. Abin da muke cewa shi ne, hanyar motar masu gadi a ciki da burtalin shanu a waje aiki ɗaya ne. Ranar da burtali ya toshe, ranar garke ke faɗawa gandu.

Kuma shiga dajin yanzu ba kamar da ba ne, lokacin da iyakar abin tsoro tsando ne da sammore da tarar ma'aikata. A watan Fabrairu 2022 nakiyoyi sun kashe ma'aikatan gandun a cikin W. A Janairu 2025 an kashe sojan Benin 28 a wajen da iyakokin ƙasashen uku suka haɗu, a Afrilu kuma gwamnati ta sanar da mutuwar 54. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yaron da ya ratsa wannan daji da sanda da gora, soja na zarginsa, masu bindiga na zarginsa, shanun kuma dukiyar wani ce da ya ci bashi ya saya. Duk falke mai tsoron Allah ba zai tura ɗan mutane can ba don ya rage kwana biyu.

A takarda dai an yi aiki. A Oktoba 1998 shugabannin ECOWAS sun zauna Abuja suka amince da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi, da takardar shaidar da ke nuna yawan garke, allurar da aka yi masa, da hanyar da zai bi. Daga 2001 shirin ECOPAS, da kuɗin Tarayyar Turai, ya yi aiki a kan dajin W, har da maganar hanyoyin da za su kewaye shi. A 2019 Benin ta fito da dokar kiwo wadda ta san da zaman burtali da wuraren hutu da mashaya, amma a ƙarshen wannan shekarar ta hana garken ƙetare shigowa kiwo. Sai juyin mulkin Yamai na Yuli 2023 ya rufe gadar Gaya da Malanbil, Benin ta buɗe gefenta a 2024, Nijar ba ta buɗe nata ba a lokacin, jama'a suka koma jirgin ruwa. A Janairu 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Ana cikin wannan duka, wa ya tuna da turken siminti da ya faɗi a bayan ƙauye?

Haka kuwa burtali ke mutuwa, ba dare ɗaya ba. Bana manomi ya ƙara kunya biyu. Baɗi garmar shanu ta tuge turke ɗaya, ba wanda ya mai da shi. Shekara ta uku an yi gardamar inda turken yake, dattijon da ya sani kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Ba mu ga laifin manomi shi kaɗai ba, iyalinsa sun ƙaru, kuma taki da shanu suka zuba a burtali ya sa ƙasar wajen ta fi ta gonarsa kyau. Amma hanyar jama'a hanyar jama'a ce. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, to ina ga wanda ya shuka auduga a tsakiyarta?

Gyara na farko shi ne turaku: na siminti, dogaye, da fenti, kusa da kusa yadda in ka tsaya a ɗaya za ka hangi na gaba. A kafa su gaban mai gari, da rugga, da wakilin manoma, da na magajin gari, kowa ya sa hannu a takarda, a ajiye kofe a wuri fiye da ɗaya. Turken da aka kafa a ɓoye, a ɓoye ake cire shi.

Amma inda muka fi so a zauna a yi tunani shi ne mashekari, don a nan ake yawan ɓarnar kuɗi. Garken fatauci yana tafiyar kilomita 15 zuwa 20 a yini in ana so ya iso da namansa, watau ko wane zango sai an sami wurin kwana. Babbar saniya a bazara tana shan lita 30 ko fiye. Lissafa shanu 100, ka ga ruwan da ake bukata a yamma ɗaya. Mun sha ganin inda aka haƙa rijiyar burtsatse mai kyau, aka yi mata kwami guda ɗaya ƙarami wanda shanu biyar suka cika shi, sauran na turereniya har su fasa shi. Mun ga kuma inda aka sa rijiyar a bakin gari, mata masu ɗiban ruwa da 'yan kore suna zage-zage kullum. Mashaya ta shanu a ware take, da dogayen kwamaye biyu ko uku, da daɓen siminti kewaye don kada wurin ya zama taɓo mai kawo ciwon kofato. A bar itatuwan inuwa. Maɗaci da kawo da maɗobiya da yara ke sassaɓe wa shanu da rani, in aka yi masu aski har ƙwarya ba su sake tohowa, kuma wannan sara na cikin abin da ke haɗa mu da ma'aikatan gandu. Gara a yi rumbun harawa da dusa a mashekarin, mai so ya saya. A yi ɗan shinge na ware dabba mai ciwon huhu ko ɓoru, da rumfar da yara za su yi salla su kwanta. Kuma kada a kafa shi jikin iyakar gandu, inda sa ɗaya zai ɓalle da dare ya jawo wa garke duka tara.

Saura babbar tambaya: in famfo ya lalace, wa zai gyara? Masu ba da taimako suna ginawa su yi hoto su tafi. Nan kusa muna da abin koyi. A Gogunu, kudu da Kandi, makiyaya da fatake da mahauta suka karɓi tafiyar da kararsu da kansu, ko wace dabba aka sayar sai an yanka rasit, kuɗin kuma ana ganin aikinsa a kasuwa. Wannan tsari ya bazu zuwa wasu kasuwannin arewacin Benin. Ra'ayinmu shi ne a ware wani abu daga kuɗin rasit na ko wace kara da sunan hanya kawai, a ɗauki mai gadi ɗan garin a ko wane mashekari, mai littafi, yana karɓar kuɗin ruwa a kan kai, ana biyansa duk wata. Mun san wasu za su ce haraji ya yi yawa, gaskiya ne, daga Gene zuwa iyaka hannu nawa ake miƙo mana? Amma wannan kuɗi ne da za ka ga ruwansa a cikin kwami.

Lokacin aikin kuwa rani ne, bayan an kwashe auduga, kafin ruwan farko ya sauka manoma su fita shuka. Muna roƙon shugabannin kara na Gene, Karimama da Madekali kowa ya tura mutum biyu su taka burtalin yankinsu da ƙafa, su ƙirga turakun da suka faɗi da rijiyoyin da suka mutu, su rubuto mana da sunan ko wane wuri, don mu sami abin da za mu ajiye gaban magajin garin Malanbil.