Suna da Adireshi: Inda Baƙaƙen Hausa Ke Tuntuɓe a Sadarwar Cikin Gida

Gabatarwa

Tun 1916, lokacin da aka wallafa laccocin Ferdinand de Saussure, ɗaliban kimiyyar harshe suka san cewa babu wata alaƙa ta asali tsakanin suna da abin da aka raɗa wa shi. Yarjejeniyar al'umma ce ke ɗaure su. Na'urori ma a kan irin wannan yarjejeniya suke aiki, sai dai ba sa yafe kuskuren baƙi ko ɗaya. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake gano matsala idan kwamfuta ta kasa samun ƴar'uwarta da suna a cikin gida, da kuma rawar da rubutun Hausa ke takawa a ciki.

Yadda suna ke zama lamba

Kowace na'ura da ke kan sadarwa tana da adireshi na lambobi. A cikin gidaje galibi yakan fara da 192.168, ɗaya daga cikin rukunonin da aka keɓe domin amfanin cikin gida a 1994. Da yake lamba tana da wuyar riƙewa, sai aka ba na'urori sunaye. Da farko duk sunayen suna cikin fayil guda mai suna HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler ke kula da shi a cibiyar bincike ta SRI da ke Amurka. Da na'urori suka yawaita, Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, tsarin da ya rarraba aikin fassara suna zuwa lamba tsakanin na'urori masu yawa. Daga nan ne Nijar ta sami .ne, Nijeriya kuma ta sami .ng.

A ɗauki misalin wani gida a Gamu, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, inda ɗalibi ke tattara maganganun dattawa domin kundinsa. Akwai rauta mai ɗaukar layin waya, da kwamfutar da ake adana sautukan a ciki, da wata da ake rubutu da ita. An raɗa wa ta farkon suna "ɗaki". Intanet na aiki lafiya, amma duk lokacin da aka nemi "ɗaki" sai amsa ta dawo cewa ba a san wannan suna ba. Ga matakan da ake bi.

Mataki na farko: hanya ce ko suna?

Da umarnin ping ake fara gwaji, sau biyu: da lamba, sannan da suna. Idan lambar ba ta amsa ba, sai a duba ko na'urar tana kunne, ko tana kan rauta ɗaya da mai nemanta, ko kuma shingen tsaronta ne ya hana ta amsawa. Idan lamba ta amsa amma suna ya ƙi, hanya lafiyarta ƙalau, fassarar ce ta tsinke.

Mataki na biyu: wa aka tambaya?

Kwamfuta takan fara duba ma'ajiyarta ta wucin gadi da ƙaramin fayil ɗin hosts, magajin wancan na farko, kafin ta tambayi na'urar DNS da aka nuna mata. A gida rauta ce ke wannan aiki, kuma da yawansu sukan riƙe sunan da kowace na'ura ta bayar lokacin karɓar adireshi. Umarnin nslookup yana nuna wanda aka tambaya da amsar da ya bayar. Idan wani ya sauya saitin zuwa na'urar waje, kamar 8.8.8.8 ta Google, shafukan duniya za su buɗe amma sunayen gida za su ɓace. Tamkar neman kwatancen wani gida na Gamu ne a bakin mutumin Yamai.

Akwai hanya ta biyu da ba ta bi ta rauta. Na'ura takan yi shela ga duk maƙwabtanta, mai sunan kuma ya amsa da kansa. Ita ce mDNS, wadda aka daidaita a 2013, sunayenta kuma suna ƙarewa da .local. Wasu rautoci suna toshe wannan shela, musamman a sashen da aka ware wa baƙi.

Mataki na uku: tsohon labari

Idan wuta ta ɗauke ko batirin sola ya ƙare, rauta na iya sake raba adireshi daban da na da. Kwamfutar da ta riƙe tsohuwar amsa za ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da mai gidan ya tashi. A Windows, umarnin ipconfig /flushdns yana share ma'ajiyar. Maganin dindindin shi ne a umarci rauta ta keɓe wa na'urar lamba ɗaya.

Mataki na huɗu: rubutun sunan

Nan ne batun ya shigo fagen masana harshe. Ƙa'idar sunan na'ura, wadda aka kafa a 1985 aka gyara a 1989, ta amince da baƙaƙen Latin 26, da lambobi, da karan ɗori kawai, kuma kowace gaɓa ba ta wuce alamomi 63. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Babu ƴ da ƙa'idojin rubutun Nijar na 1999 suka tabbatar, babu kuma alamar ɗauri da ake rubuta 'y da ita a Nijeriya.

Bahaushe yakan karanta "baki" ya gane daga jimla ko bakin magana ake nufi ko baƙin da suka sauka. Na'ura ba ta da jimla. A Unicode, k tana da lambarta, ƙ kuma tata ce U+0199, kamar yadda ɗ take U+0257. Saboda haka "daki" da "ɗaki" sunaye biyu ne da ba su san juna ba, kamar yadda "kafa" da "ƙafa" suke kalmomi biyu a tsarin sautin Hausa.

A 2003 aka fito da dabarar Punycode, wadda ke mayar da irin waɗannan baƙaƙe zuwa waɗanda tsohon tsari ya sani. Da ita "ɗaki" ke komawa xn--aki-3sb, "gouré" ta Faransanci kuma ta koma xn--gour-epa. Manhajojin buɗe shafuka suna yin wannan juyi a ɓoye, amma mDNS tana aika suna kai tsaye cikin UTF-8, rauta kuma na iya jefar da baƙin da ba ta gane ba. Sai suna ɗaya ya zama siffofi uku a gida guda. Haka nan, tsarin yana ɗaukar K da k a matsayin abu ɗaya, amma ba lalle ya yi wa Ƙ da ƙ wannan adalci ba.

Kammalawa

A aikace, abin da ya fi sauƙi shi ne a zaɓi gajeren suna wanda Hausa kanta ke rubutawa ba tare da lanƙwasa ba, kamar "taska", "rumbu" ko "zaure", kada ya wuce alamomi 15 da tsohon tsarin Windows ke karɓa. Wannan ya fi cire lanƙwasa daga kalmar da ke da ita, domin na'ura za ta gane sunan, ƙa'idar rubutu kuma ba ta karye ba. Mai son ƙara wutsiya ga sunan yana da home.arpa, wadda aka keɓe wa gidaje a 2018.

Sai dai kauce wa baƙi ba shi ne magance matsalarsa ba. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma hakan na nufin ƙarin takardu, fayiloli da adireshi da za a raɗa wa sunayen Hausa. Tantance baƙaƙen da ya kamata tsarin suna ya karɓa, da daidaita ƴ da 'y tsakanin ƙasashen biyu, aiki ne da injiniya ba zai iya shi kaɗai ba. Yana buƙatar masanin tsarin sauti da ƙa'idojin rubutu a gefensa.