Yadda Masu Ƙirar Manhaja Ke Samun Jari Ba Tare da Jingina Ba

Duk wanda ya taɓa shiga banki neman rance ya san tambayar farko da manaja zai yi masa, watau me zai ajiye jingina. Mai gida ya kawo takardar gidansa, mai gona ya kawo ta gonarsa. To, saurayin da dukiyarsa ba ta wuce kwamfuta ɗaya da wata dabara da ke cikin kansa ba fa, me zai ajiye? Manhajar da ba a gama rubutawa ba ba ta sayuwa a kasuwa, in kuwa aikin ya rushe, banki ba zai sami ko tsinken da zai yi gwanjonsa ba. Dalilin ke nan da ya sa bankuna ke gudun irin waɗannan ayyuka.

Waɗanda ke shiga wannan harka su ne masu jarin kasada. Su hannun jari suke saye a kamfani tun yana jariri, suna sane da cewa yawancin kamfanonin da suka zuba wa kuɗi za su mutu. Fatansu shi ne ɗaya ko biyu su bunƙasa har ribarsu ta rufe asarar sauran. Saboda haka ba su sakin kuɗi gaba ɗaya, sai kashi-kashi, kuma kowane kashi sai sun ga abin da aka yi da na baya.

Labarin kamfanin Paystack na Legas ya isa misali. A shekarar 2015 Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi domin 'yan kasuwa su riƙa karɓar kuɗi ta intanet. A farkon 2016 cibiyar Y Combinator ta Amurka ta karɓe su, a lokacin da take ba kowane sabon kamfani dala dubu 120 ta riƙe kashi 7 cikin ɗari na hannun jarinsa. Da 'yan kasuwa suka fara amfani da manhajar, sai a ƙarshen shekarar masu jari suka ba su dala miliyan 1.3. A 2018 kamfanin Stripe ya jagoranci wasu, ciki har da Visa, suka ƙara dala miliyan 8. A watan Oktoba na 2020 Stripe ya saye Paystack ɗungurungum a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200, lokacin 'yan kasuwa fiye da dubu 60 na hulɗa da shi.

Mai karatu zai lura cewa kuɗin bai riƙa ƙaruwa ba sai da shaida ta ƙaru. Daɗin baki na iya buɗe ƙofa, amma abin da mai jari ke son gani shi ne manhaja mai aiki, da yawan masu biya, da littafin lissafi mai tsabta. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Sai dai fa wannan jari na da nasa tsadar. Duk lokacin da aka karɓi sabon kuɗi, rabon wanda ya kafa kamfani raguwa yake yi, kuma mai jari kan nemi kujera a hukumar daraktoci, inda zai sami ta cewa a manyan shawarwari. Bugu da ƙari, jarin da dala ake kawo shi, alhali kuwa ciniki da naira ake yi. Da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanoni da dama sun ga cinikinsu ya ƙanƙance a idon masu jari, a daidai shekarar da kuɗin da ke shigowa sababbin kamfanonin Afirka ya ja baya ƙwarai.

A watan Oktoba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, wadda ta tanadi rangwamen haraji ga masu zuba musu jari. Saura attajiranmu na gida su koyi wannan lissafi, domin muddin daga waje jarin ke zuwa, can ne kuma mafi yawan ribar za ta riƙa komawa.