Gani ya kori ji: Tarihin fim ɗin zura ido daga majigi zuwa talabijin

A duk lokacin da aka nuna Jihar Kebbi a talabijin, abin da aka fi gani shi ne dubban masunta suna afkawa kogin Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, ko jami'an gwamnati suna ƙaddamar da noman shinkafa. Rayuwar yau da kullum ta garuruwa irin su Cheberu, a yankin Gwandu da Kalgo, da wuya ta kai ga idon kyamara: cinikin ranar kasuwa, sulhu a zauren mai gari, ban ruwa a fadama. Akwai wani salon fim da aka ƙirƙira domin irin wannan rayuwa, kuma wani ɓangare na tarihinsa a gaɓar kogin Kwara aka rubuta shi.

Salon shi ne na zura ido. Mai ɗaukar hoto yana zama tare da mutane kwanaki ko watanni, ba ya tsara musu abin da za su yi, ba ya cewa a maimaita, sannan ba a ɗora muryar mai sharhi da za ta faɗa wa mai kallo abin da zai fahimta.

Fina-finan zahiri na farko ba haka suke ba. A Nanook of the North na 1922, Robert Flaherty ya sa mutanen da ya ɗauka sun sake kwaikwayon farautarsu a gaban kyamara. Ko bayan zuwan sauti, kyamarorin suna da nauyi da ƙara, na'urar ɗaukar murya kuma ba ta ɗaukuwa a hannu. Saboda haka akan ɗauki hoto kurum, daga baya a ɗora bayani.

Da wannan siffa fim ɗin zahiri ya shigo ƙasar Hausa. William Sellers, wani jami'in lafiya Bature, ya fara amfani da fim a Legas wajen yaƙi da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, kuma a 1939 aka ba shi jagorancin sashen fina-finan mulkin mallaka da Ingila ta kafa. Daga nan majigi ya bazu: mota ta iso gari da yamma, a kafa farin allo a ƙofar fada, tafinta ya riƙe lasifika yana fassara. Ana nuna tsafta, noman gyaɗa da auduga, daga baya kuma rangadin Sardauna. Majigi ya ilimantar, amma magana ce mai tafiya daga sama zuwa ƙasa. Talaka yana fitowa a allo ne a matsayin misalin wanda ya bi shawara ko wanda ya ƙi bi.

A daidai wannan zamani wani Bafaranshe, Jean Rouch, wanda ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya, ya ɗauki wata hanya. Tsakanin 1946 da 1947 shi da abokansa biyu suka bi Kwara cikin kwalekwale daga mafarinta har teku, tafiyar da ta ratsa ƙasar da a yau take Jihar Kebbi. A hanya maɗorin kyamararsa mai ƙafa uku ya salwanta, dole ya riƙa ɗauka da hannu, yana bin mutane duk inda suka nufa. Abin da ya zo a matsayin asara ya zama salo.

Rouch ya ɗauki farautar dorina da masuntan Sorko, waɗanda Hausawa ke kira Sarkawa, suke yi a Ayoru. Da ya koma ya nuna musu fim ɗin, sai suka yi masa gyara: kiɗan da ya ɗora a kan farautar bai dace ba, domin a wurinsu kiɗa ƙarfin zuciya yake ƙara wa dorina, farauta kuwa cikin shiru ake yin ta. Ya cire kiɗan. Daga nan ya mayar da nuna fim ga mutanen da ke cikinsa ƙa'idar aiki. Daga cikin waɗanda suka yi aiki da shi akwai Damure Zika da Umaru Ganda, wanda daga baya fim ɗinsa ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a 1972. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004. Bai tsira daga suka ba: Ousmane Sembène na Senegal ya zarge shi da kallon mutanen Afirka kamar yadda mai bincike ke kallon ƙwari.

Juyin gaske ya zo ne wajen 1960, lokacin da aka samu ƙaramar kyamara mai fim na milimita 16 wadda ake saɓawa a kafaɗa, da rikoda mai batir irin Nagra, aka kuma gano yadda hoto da sauti za su tafi daidai. Mutum biyu sun isa su shiga ɗaki su ɗauki hira yadda take. A Amurka, Robert Drew da abokansa suka yi Primary a 1960, inda suka bi John Kennedy da Hubert Humphrey a zaɓen fid da gwani na Jihar Wisconsin. A Faransa, Rouch da Edgar Morin suka fitar da Chronique d'un été a 1961. Ɓangarorin biyu sun saɓa: Amurkawa na ganin mai kyamara ya yi shiru har a manta da shi, Rouch kuwa na ganin ba a manta da kyamara, gara ta shiga zancen a fili.

Talabijin ce ta ba salon kuɗi da masu kallo. Tashar ABC ta nuna Crisis a 1963, inda aka ga yadda gwamnatin Kennedy ta yi dambarwa da gwamnan Alabama kan shigar ɗalibai baƙar fata biyu jami'a. A 1973 tashar PBS ta nuna An American Family, kashi 12 da aka tace daga ɗaukar sa'o'i kusan 300 a gidan iyali guda, auren ma'auratan yana rushewa a gaban jama'a. Nan matsalar salon ta bayyana. Wanda ya zaɓi sa'o'i 12 daga 300 ya yi sharhi ko bai buɗe baki ba. Ga kuma batun izini da sirri: kotu ta hana nuna Titicut Follies na Frederick Wiseman, wanda aka ɗauka a gidan tsare masu taɓin hankali aka fitar a 1967, ga jama'a har zuwa 1991.

A Najeriya talabijin ta fara a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, ta iso Kaduna a 1962, sannan a 1977 aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. Da yake gwamnatoci ne suka kafa su, sun gaji ɗabi'ar majigi: hoton aikin gwamnati, da murya tana bayani. Zura ido kuwa yana cin lokaci da kuɗi, kuma ba a san abin da zai fito ba, abin da hukuma ba ta cika so ba. Shi ya sa baƙi ne suka fi yin sa. Gidan talabijin na Granada ya yi fim kan Fulanin Woɗaaɓe na Nijar a 1988, BBC kuma ta nuna Welcome to Lagos a 2010, wanda Wole Soyinka ya yi tir da shi.

Ko abin da 'yan ƙasa suka ɗauka bai tsira daga sakaci ba. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, ya ɓace shekaru da dama kafin a gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, a gyara shi, a nuna shi a Berlin a 2018.

A yau wayar da ke aljihun matashi a Cheberu tana ɗaukar hoto da sauti tare, abin da Drew da Rouch suka sha wahala kafin su samu. Abin da ya rage shi ne ladabin aikin: haƙurin zama har mutane su saki jiki, neman izinin mai gida da na matan gida kafin a ɗauka, adalci wajen tacewa, da komawa a nuna wa waɗanda aka ɗauka kafin duniya ta gani. Gidajen talabijin na jiha da jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero suna iya ɗaukar nauyin koyar da wannan da adana shi. Masaƙi ko maƙerin da ba a ɗauki aikin hannunsa ba a bana, mai yiwuwa baɗi sai dai a ba da labarinsa.